Karyar da taubashina ya bari a ɗaure

Ina da taubashi, ɗan kawuna, gonarsa tana gindin wani dutse a hanyar Falgore. Ni ɗan mace ne, shi ɗan namiji, don haka tun muna yara yake ce mini bawa, ni kuma ina ce masa ubangidan banza. Wannan wasa ne, ban taɓa riƙe shi a zuciya ba. Abin da na riƙe daban ne, kuma zan faɗe shi bi da bi.

Birai sukan sauko daga dutsen nan da zarar masara ta yi goyo. Duk mai gona a wurin ya san abin yi. Ka kafa bukka, ka samo kare, ka ɗaure shi har ya saba da wurin, sannan ka sake shi ya yi gadi. Idan an cire amfani, ko ka tafi da shi gida, ko ka miƙa wa mafarauta su yi rani da shi. Taubashina ya samo wata jar karya, ta tsare masa masara damina guda, ko zangarniya ɗaya biri bai karya ba. Da ya kwashe amfaninsa sai ta riƙa bin sa gida, shi kuwa ba ya son kare a ƙofarsa. Sai ya mayar da ita bukkar, ya ɗaure ta a jikin dirka, ya yi tafiyarsa.

Ni na same ta, ranar da na je ɗebo wa shanuna kara. Ta tona rami iya inda igiya ta kai, ta ci ƙasa, ta tauna zanar bukkar. Igiyar ta yanke mata wuya, ƙudaje sun cika raunin. Ba ta yi haushi ba, ido kawai ta ɗaga. Na yanke igiyar, na aza ta a amalanke bisa karan.

Da farko ruwa na ba ta, kaɗan kaɗan. Bayan nan ruwan koko, sannan ƙanzo jiƙaƙƙe. Na cire mata kaska, na wanke raunin da ruwan gishiri, ranar kasuwar Karaye na karɓo magani wurin malamin dabbobi. Uwargida ta ware mata tsohon kasko, ta ce kada ta kusanci randa ko wurin salla. Na ce haka ne, na yi mata wuri a bayan garke.

Da ta fara tsayawa da ƙafafunta sai na je na sami taubashina a majalisa, bayan la'asar.

"Karyarka tana wurina," na ce.

"A'a, bawa! Ashe ka yi amarya ba ka gaya wa ubangidanka ba?" Mutane suka yi dariya.

"A ɗaure ka bar ta."

"To, kare ne fa. Ko gado za a raba da ita? Riƙe ta, na ba ka, tukuicin bauta."

Na dai lura da waɗanda suke zaune, domin a gabansu ya ce ya ba ni.

Ba zan iya riƙe ta ba. Gidana a tsakiyar gari yake, ga kajin maƙwabta, ga masallaci a jikin katanga. Wani mafarauci daga Turawa ya nema, na hana. Wani mai shago ya nema don gadi, shi ma na hana. Na riga na san inda zan kai ta, jira kawai nake yi ta yi ƙarfi.

Gonar da take iyaka da ta taubashina ta wani dattijon Bafulatani ce, rugarsa tana nan kusa. A daminar da karyar take gadi, duk biran da ta koro gonarsa suke faɗawa, har sai da ya sayi hatsi a shekarar. Biri ba ya komawa dutse da yunwa, gonar da ba kare yake nema. Na ja ta har rugar, muka gaisa, aka shimfiɗa mini tabarma.

"Baffa, na kawo maka mai gadi."

Ya dube ta da kyau. "Ɗana, wannan ai na san ta. Ita ta cinye mini masara, da bakin birai."

"Bana za ta biya ka. Sharaɗina shi ne, ba a ɗaure ta, ba a ba da aronta."

Ya yi murmushi, ya sa aka kawo mata tsala a ƙwarya. Kafin in tashi ta kwanta a gindin tabarmarsa.

Daga nan na zaga wurin mafarauta, na gari da na ƙauyuka, duk wanda na san yana da karya mai ciki. Ban ƙara komai a kan labarin jar karyar ba, yadda na gan ta na faɗa. Su mutane ne masu fara ba karensu abinci kafin su ci. Babbansu ya ce, "Ko mataccen ɗan kwikwiyo taubashin naka ba zai samu a hannunmu ba."

Damina ta faɗi, masara ta yi goyo, birai suka sauko. Karyar ta tare gonar Baffa daga wannan kunya zuwa waccan, ta tsaya daidai kan iyaka. Birai suka juya gefe guda, suka faɗa gonar taubashina. Taubashina ya nemi kare har Beli, bai samu ba. Sai ga shi a ƙofar gidana da hantsi, wandonsa duk ƙarangiya.

"Bawa, wasa ya isa. Je ka karɓo mini karyata."

"Wace karyar, ranka ya daɗe?"

"Kai ma ka sani. Tsohon nan ya ce sai da bakinka. Birai sun gama da rabin gonar, wallahi."

"A gaban jama'a ka ba ni. In kana da magana, mu je wurin mai unguwa. Ka fara da faɗin inda ka bar ta, ni kuma in ɗora da yadda na same ta."

Ya sunkuya yana cire ƙarangiya daga wandonsa. Can ya ce, "Saboda kare za ka yi wa ɗan kawunka haka?"

"Saboda ita."

Bai je wurin mai unguwa ba. Mahaifiyata ta aiko a ce mini in yi haƙuri, jini ɗaya ne. Na aika mata cewa in hatsinsa ya ƙare, iyalinsa su zo su auna a rumbuna, amma karya ba za ta koma ba. Sauran daminar shi da kansa ya yi gadi, yana zaune bakin gona tun asuba yana bugun tsohon galan, birai suna kallonsa daga kan dutse har ya gaji. Karyar tana rugar Baffa har yau, ta yi ƙiba, ta haihu, kuma ko ɗa ɗaya taubashina bai samu ba.