Ciwon Hajiya a Tsakiyar Teku

Ɗiyarmu ta fari, wadda ke aure a ƙasar waje, ita ta kawo maganar. Ta ce mijinta ya samu hutu, za su shiga jirgin ruwa irin na yawon shaƙatawa, kuma tana so mu zo a tafi tare. Na ce a kai kasuwa. Ni da aka haifa a Gobarau, na tsufa a Gobarau, ko ruwan dam ban taɓa yarda ya wuce mini idon sawu ba. Matata Hajiya kuwa ta ce za ta. Ta yi kewar jikarta, kuma tunda ta ga hoton jirgin, mai hawa-hawa kamar an ɗora unguwa a kan ruwa, ba ta ƙara zancen komai ba.

Abin da ya dame ni shi ne ciwon sukarinta. Na tafi Ƙofar 'Yandaka wurin wani mai kemis, mutumin kudancin Kaduna, wanda muka daɗe muna sayen maganinta a hannunsa. Ya ce, "Malam, inda mutane suka taru suna ci wuri ɗaya, suna kama ƙofa ɗaya, ciwon ciki ba ya wuyar yaɗuwa. Ta riƙa wanke hannu da sabulu sosai kafin ta ci komai. Wannan man da ake shafawa a hannu bai kai sabulu ba. In ta ga mai amai, ta yi nesa da shi." Ya haɗo mini ƙunshin gishiri da sukari na masu gudawa.

Na dawo na maimaita mata har ta gaji. Ta ce, "Malam, ni da ke alwala kullum za a koya wa wanke hannu?" Amma na ga ta sa sabulun a jakar hannunta.

Farkon tafiyar lafiya lau. Hotuna suna ta shigowa wayata: ga ta da mayafi iska na ɗaga shi, ga ta gaban tebur cike da abincin da ban san sunansa ba. Ta ce tana wanke hannu har fatar ta fara bushewa, kuma ko ƙarfen matakala ba ta kamawa sai da gefen mayafi.

Wata ranar bayan azahar ɗiyata ta kira. Muryarta ba daidai ba.

"Baba, an yi sanarwa a lasifika wai amai da gudawa sun ɓulla a jirgin. An hana kowa ɗibar abinci da kansa. Yarinya ta fara tun safe."

"Ina uwar taki?"

Ta ce, "Tana riƙe da ita."

Na ce a ba ni Hajiya. Na ce ai an ce ta yi nesa. Ta ce, "Yarinya na amai tana kiran sunana, in yi nesa in je ina? Ɗakin ma bai kai kicin ɗinmu ba." Da ni ne a wurin, ni ma ɗaukarta zan yi.

Yarinyar ta warware da wuri. Hajiya ta kwanta.

Likitan jirgin ya zo ya duba ta, ya ce kada ta fita daga ɗaki. Abinci a bakin ƙofa ake ajiyewa. Ba ta iya riƙe ko ruwa, maganin sukarin ma in ta sha sai ya dawo. Na ce wa surukina su sauka, su kai ta asibitin ƙasa. Ya ce, "Baba, babu ƙasa kusa. Ko'ina ruwa ne." Na ce to ya haɗa ni da matuƙin jirgin. Ya yi ta ba ni haƙuri a hankali, kamar yadda ake lallashin yaro.

A Katsina in Hajiya ta yi ko da zazzaɓi ne, na san abin yi. Na san wanda zan kira ya kawo mota, na san ƙofar asibitin da za mu shiga, na san matar maƙwabcina za ta dama kunu ta aiko. Yanzu ga ni da takalmi a ƙafa, da hula a kai, na shirya tsaf, babu inda zan je. Na koma wurin mai kemis. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Ruwa dai, Malam. Kaɗan-kaɗan, da cokali. In ya gagara su sa mata ƙarin ruwa." Na tsaya ina kallon kwalayen magani jere har rufin shagon, ba ko ɗaya da zan iya miƙa mata.

Sabis ɗin waya a teku zuwa yake yana ɗaukewa. Sai in aika saƙo ya tsaya bai tafi ba har la'asar. A masallaci ana tambayata, "Ya mai jiki?" In ce da sauƙi, alhali ban sani ba. Liman ya sa aka yi mata addu'a. Wani dattijo ya tambaye ni wace ƙasa take, na ce ba ta cikin kowace ƙasa, ya dube ni kamar na zautu.

Da kiran bidiyo ya shiga, na ga fuskarta. Idanu sun faɗa, leɓe ya bushe, an ɗaura mata robar ƙarin ruwa a hannu. Duk abin da na tanada zan faɗa ya gudu. Sai "Sha ruwa, Hajiya" nake ta maimaitawa.

Ta ce, "Ina sha, Malam. Kai ka ci abinci?"

Kafin in amsa hoton ya daskare, bakinta a ɗan buɗe. Na zauna a zaure riƙe da wayar ina kallonsa har hasken ya mutu.

Allah ya sa ƙarin ruwan ya karɓe ta. Aman ya tsaya, ta fara shan shayi. Ko da jirgin ya isa gaɓa tana iya takawa, ɗiyata na riƙe da kafaɗarta. Suka bar ta ta huta a gidansu kafin ta taso.

Ranar da ta iso gida, zoben hannunta yawo yake a yatsa. Mata suka cika tsakar gida ana barka da arziki. Ɗiyata ta kira tana kuka tana cewa laifinta ne. Hajiya ta karɓi wayar ta ce ta bar wannan magana, ta ba ta jikarta su gaisa. Sai bayan Babbar Salla ta iya tsayuwa cikin salla ba tare da ta dafa bango ba.