Ranar da Na Bar Mayafin Fitila a Gida

Ba gwaninta ce ta fara ba ni aikin hoto a gidajen bikin Haɗeja ba, zama mace ne. Mai hoto namiji iyakarsa tsakar gida, in ma an bar shi ya wuce zaure. Ni kuwa har ƙuryar ɗakin amarya nake kutsawa, inda mata ke yar da gyale su baje. Sai dai ɗakunan namu duhu gare su. Taga ɗaya ce 'yar mitsitsiya, ita ma an toshe ta da labule, wutar lantarki kuma sai ranar da ta ga dama. Dalilin da ya sa ke nan na sayi fitilar.

'Yar fitilar hoto ce ta LED, mai caji, faɗinta bai wuce murfin kwanon sha ba. A bayanta akwai batir da maɓallai biyu na murɗawa. Ɗaya na ƙara ƙarfin haske, ɗaya kuma na juya shi daga fari fat zuwa ruwan ƙwai. Ban daɗe da ita ba na gane cewa ba ta da kara ko kaɗan. In ka haska ta tsirara a fuskar mutum, duk abin da ke wurin sai ta faɗa. Don haka na yanko wani farin mayafi shara-shara, na riƙa ɗaure mata shi a fuska da roba, in murɗa hasken ya yi ɗumi. Da wannan ɗan ƙyallen na rufa wa mutane da yawa asiri, amma ba wadda na rufa wa kamar 'yar kawuna.

Ita mai kwalliyar amare ce. Babanta da innata uwa ɗaya uba ɗaya, ke nan taubashiyata ce, wadda al'ada ta ba ta lasisin zagina a gaban kowa, ni ma in rama, a yi dariya a tashi. Tun muna yara “baiwata” take ce min. Ina shiga gida za ta ce a ɓoye tuwo ga mayunwaciya ta zo, ni kuma in ce a ɓoye madubi kada ya fashe. Tare muke zuwa biki a adaidaita ɗaya, akwatin kwalliyarta a cinyata, jakar kyamarata a tata.

Hannunta yana da nauyi, wannan ita ce gaskiyar. Yarinya baƙa kyakkyawa za ta zauna gabanta, ta lafta mata hodar farare har hawa uku, ta manta da wuya da kunnuwa. Ga zafin garinmu, kafin a fito an fara gumi, hodar ta dinga tsagewa a gefen hanci. Ni nake gyarawa da haske. Shekara huɗu ina yi, ban taɓa buɗe baki na ce mata komai ba.

Ranar wani kamu a cikin gari, ana tsaka da feshe amarya da turare, ina ɗaukar bidiyo, robar ta tsinke, ƙyallen ya faɗi. Kamu ba a maimaita shi. Da na kai musu aikin, amarya ta fito a wannan wurin na bidiyon da fuska kamar an tsoma ta a toka. Uwar amarya ta tara mu tana faɗa. Kafin in yi magana, 'yar kawun nan tawa ta kwashe da dariya ta tafa hannu.

“Ayya Hajiya, ki yi haƙuri. Fitilar baiwata ce, a bola ta tsinto ta. Ko wa ta haska sai ya koma fatalwa.”

Ɗaki ya ɗauki shewa. Ni ma na yi yaƙe, don haka ake yi.

Da a nan ta tsaya, wallahi da na shanye. Amma ta mai da shi waƙa. Duk gidan da ta je kwalliya sai ta faɗa, tana dariya, daga nan ta ba su lambar wani mai hoto da ke wanke fuskar amarya a kwamfuta har hancinta ya ɓace. Aka yanke shinkafa, kuɗi ya shigo hannun mutane, bukukuwa suka ɓarke ta ko'ina, ni ina zaune a gida ina goge kyamara. A layinmu aka yi biki uku ba a kira ni ba. Wata rana a kasuwa, wajen masu bandar kifi, na ji wata mata na nuna ni tana cewa, “Ga mai fitilar fatalwa can.” Kifin da ban saya ba ke nan.

Na kai ƙara wurin Inna. Ko ɗago kai ba ta yi daga tsintar shinkafar da take yi ba. “Taubashiyarki ce fa. Wa ya taɓa fushi da wasa? Kada ki ba ni kunya.” Na je wurin Kawu, ya yi dariya har da tari, ya ce in rama mana, ai bakina ba ciwo yake ba. To, na ji. Na ce a raina zan rama, amma ba da baki ba.

Wata biyar na jira. Sai ga bikin dangi a garin Guri, na 'yar wani ɗan'uwan su Inna mai fataucin kifi. Bikin gida ne, dole ita ta yi kwalliya, dole ni in yi hoto. Tun ana saura kwana biyu na kai batura biyu caji wurin mai sola. Da safen da za mu tafi na kwance ƙyallen daga fuskar fitilar, na ninke shi, na sa a ƙarƙashin matashi. Mota ɗaya muka shiga. Hanya duk ruwa da ciyawar kacala hagu da dama, tana ta zuba tana tsokanata, ina amsa mata da fara'a. Har gyaɗa na saya mata.

Ta shafe awa biyu a kan fuskar yarinyar nan. Bayan azahar aka ce a shigo a ga amarya. Ɗakin ya cika maƙil, hayaƙin turaren wuta ya tokare rufi, ga gumi. A bakin gado gwaggon amarya ta zauna, wata tsohuwa mai carbi wadda ko uban amarya ba ya musu da ita. Ita nake so ta zama shaida.

Na murɗa maɓallin farko har ƙarshe. Na murɗa na biyu zuwa fari fat. Na matso da fitilar kusa da fuskar amarya, na kunna.

Tabɗi! Fuska fara ƙal kamar bangon da aka shafa wa farar ƙasa, wuya baƙi, kunnuwa baƙi, ga layin da hodar ta tsaya a haɓa kamar an ja da alli. Gumi ya tsaga hanyoyi biyu daga goshi.

'Yar kawuna ta yi maza ta ce, “Kun gani ko? Na faɗa muku fitilar...”

Ban bari ta ƙarasa ba. Na juya fitilar yadda take, ban taɓa ko maɓalli ɗaya ba, na haska ƙawar amarya da ke zaune a gefe, wata baƙar yarinya da ba ta sa komai ba sai kwalli da man leɓe. Fatarta ta ɗauki hasken nan tana sheƙi, sumul. Na ɗauki hotonta, na ɗauki na amarya, na durƙusa gaban tsohuwar na miƙa mata kyamara.

“Gwaggo, ki duba min da idonki. Fitila ɗaya ce, ban canza komai ba.”

Ta duba wannan, ta duba wancan. Ta ɗaga kai ta kalli amarya. Sannan ta ce, “A kawo ruwa da sabulu.”

A gaban mata sun fi talatin aka wanke aikin awa biyu a cikin roba. Ruwan ya koma kamar kunun kanwa. Wayoyi kuwa duk an ɗaga, ana ɗauka. Na dubi taubashiyata, tana tsaye riƙe da burushi. Na yi dariya da ƙarfi yadda kowa zai ji, na ce, “Haba uwar ɗakina, ba dai fushi kika yi ba? Wasa ne fa.” Aka yi shewa, irin wadda aka yi min. Na ji daɗi. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin da har tafin ƙafata sai da ya sani.

Amarya ta yi kuka, ita da ba ta yi min komai ba, wannan kam yana nan a wuyana. Da ta share hawaye na juya fitilar ga bango, hasken ya dawo mata a tausashe, na yi mata hotunan da har yau suna rataye a falon mijinta.

Kafin mu dawo Haɗeja labari ya riga mu isowa. Sati bai cika ba waya ta fara ƙara. Kakar da ta biyo baya sai da na riƙa mayar da aiki saboda yawa, ba wanda ya sake ce min mai fitilar fatalwa. Ita kuwa amare suka janye ɗaya bayan ɗaya. Yanzu lalle take yi wa yara da salla. Ba ta kai ƙarata wurin kowa ba, don ta san amsar da za a ba ta.

Watan jiya muka haɗu a wani suna a gidan Kawu. Na shigo da jakata a kafaɗa, na hango ta a tsakar gida tana rabon waina. Na tsaya a kanta, na gyara murya, na riga na tanadi amsar da zan mayar mata in ta tsokane ni. Ta ɗago ta gan ni. Sai ta ajiye faranti, ta gyara mayafinta, ta ɗan russuna.

“Sannu da zuwa, Hajiya. An zo lafiya? Bismilla, ga tabarma.”

Ta sa min waina a kwano mai murfi, irin na baƙi, ta koma bakin aikinta.