Ciwon da Hamani Mai Rake Ya Ɓoye

"To ki tafi garinku Tanda mana! Wa ya riƙe ki?"

"Zan tafi. Ran kasuwa zan bi mota. Amma kafin nan sai ka gaya mini abin da na yi maka."

"Miyarki ba gishiri."

"Jiya ya yi yawa, yau babu. Shekara biyu ke nan, Baban Safi, kullum gishiri!"

Mumuni ya ajiye cokalinsa. Katangar da ta raba ɗakin da yake haya da tsakar gidan Hamani ta laka ce, ba ta da kauri. Shi majo ne, babban ma'aikacin jinya, ɗan Dogondutsi da aka turo aiki Gaya. Hamani da matarsa Aisata da yaren Dandanci suke hira, amma in faɗa ya tashi sai su koma Hausa, don kada tsohuwar Hamani ta gane. Sun manta Hausar ce abincin wanda ke bayan katanga.

A ƙauyen Bana aka haifi Hamani, inda rake ke fin mutum tsawo a fadama. Tun yana ɗan shekara goma sha biyar yake kawo shi Gaya, da farko a ka, daga baya a jaki, har ya samu amalanke da wurin zama a bakin gadar Malanbil, inda manyan motoci ke layi gaban ƴan duwan masu karɓar harajin kan iyaka. Direbobi sun san wuƙarsa. Sun san dariyarsa kuma, don a waɗannan shekarun da mutane ke rage murya in motar soja ta gitta, shi ba ya ragewa. Shekarar fari, da ƴan gudun yunwa suka sauko daga arewa, duk gutsuren da ya rage ƴaƴansu yake miƙa wa. Shekara goma sha tara da aure, bai taɓa ƙara mata ba, bai taɓa ɗaga hannu ba.

Abin da ya tsaya wa Mumuni a rai shi ne lokacin faɗan. Da safe Hamani ne ke ɗebo mata ruwa, yana tsokanarta. Sai rana ta karkata yake neman abin rigima. Mutumin da ya tsani matarsa ba ya zaɓen sa'a. Wannan so yake ta yi fushi ta juya masa baya, don kada ta jira abin da ba zai iya ba.

Mumuni ya ga sauran da idonsa: wandon da ya yi wa Hamani yawa, tulun ruwan da ba ya kai azahar, zagayawa bayan gida bini-bini. Kwana biyu yana juya zancen. Zamani ne da in aka ce mutum yana sauraren katanga, sai a ce kunnen gwamnati ne, kowa ya janye jiki. Amma ran kasuwa saura kwana uku.

Ya samu Hamani a bakin gada, ya sayi rake, ya zauna kan benci.

"Maigida, wandon nan na wa ka ara?"

"Na ubangidanka ne, Majo. Ci rakenka."

"Inda kake fitsari, kiyashi na taruwa?"

Wuƙar ta tsaya. "Wa ya gaya maka?"

"Ba kowa. Akwai ciwon da ke sa haka. Kuma akwai abin da yakan kashe wa namiji tun kafin ya san yana ɗauke da shi. Maza ba sa faɗa."

Hamani ya juya ya kalli kogi. Da ya buɗe baki, muryar ta koma ta wani mutum daban.

"Ɗaure ni aka yi, Majo. Na sha rubutu, na yi turare. Wani mai magani daga Kamba ya ba ni gari a cikin zuma, cokali uku safe da yamma."

"Zuma. Furar gida fa? Ina jin ana daka dabino da aya."

"Ita ma zuma take zubawa." Ya sunkuyar da kai. "Ba ta taɓa cewa ga dalili ba. Ni ma ban taɓa tambaya ba. Nakan shanye duka, don kada ta ji kunya."

Washegari a asibiti Mumuni ya haɗa fitsarinsa da wani ruwa shuɗi a ƴar kwalba, ya kara a wuta. Hamani yana kallo ruwan ya rikiɗe ya koma ja kamar jar ƙasa.

"Ga wanda ya ɗaure ka. Ciwon sukari ne. Yana lalata jijiyoyi da ƙananan hanyoyin jini, tsoro kuma ya ƙarasa aikin. Kai kana ɗura masa zuma a waje, ita tana ɗura masa a gida."

Hamani ya yi wata ƴar dariya mai kama da tari.

"Daga yau ba zuma, ba taba. Rake ka sayar, kada ka tauna. Ga ƙwayoyi, ga takarda ka kai wa likita a Dosso."

"Zai dawo?"

"Wasu yakan dawo musu, wasu rabi. Ba zan yi maka ƙarya ba. Amma wadda za ta shiga mota jibi, ƙwaya ba ta tsai da ita. Tana tsammanin ita ce ka daina so."

"Da wane baki zan faɗa mata?"

"Da wanda kake zancen gishiri."

Hamani ya ɗago a razane, ya dube shi. Ya gane katanga ta yi magana. Ya ninke takardar ya fita ba sallama.

Yammacin ranar ba a ji faɗa ba, washegari ma haka. Shirun ya fi damun Mumuni. Ya riƙa tambayar kansa ko auren mutane ya je gyarawa, ko kuwa kaɗaici ne ya sa ya cusa kai cikin gidan da ba nasa ba.

Ran kasuwa da hantsi yana wanke wa wata mata gyambo aka ce ana sallama da shi. Hamani ne tsaye a ƙofa cikin rigarsa ta Juma'a. Aisata na bayansa, ƙunshin kayanta a ka, idanunta sun kumbura. Daga hanyar tasha ya karkato da ita. Ya sa hannu biyu ya sauke mata ƙunshin, ya matsa gefe don ta fara shiga.

"Majo, ga ta. Na fara, bakina ya kasa. Duk abin da ka gaya mini ka gaya mata, kada ka rage komai don ganin idona. Shekara biyu tana jinyar ciwon nan tare da ni, ba wanda ya taɓa ce mata sannu."