Ragon Suna a Ɗakin Yaya

Shekarar da na yi haihuwar fari na koma gidanmu wanka, na tarar Yaya ya daɗe bai taka kasuwar bisashe ba. Shi ne babban wana, kuma kafin ciwo ya same shi dillali ne da duk Dakoro ta sani. Yakan hango rago daga nesa ya gaya maka abin da ya ci jiya.

Ciwon a hankali ya shigo masa. Ya fara da daina zuwa fada, majalisarsu ta shan shayi, ya ce abokansa suna gulmarsa. Sai ya bar wanka. Sai ya juya rediyon Inna ya fuskanci bango, wai mai karanta labaru da shi yake. Daga baya ya gaya mana akwai masu magana a cikin kunnensa, ba sa barinsa ya huta. An sha rubutu, an yi hayaƙi har kajin gidan suka koma maƙwabta. Ƙarshe Baffa, ƙanen mahaifinmu, ya kai shi asibiti a Maradi. Lokotoro ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne, sunansa sikizofreni, magani kuma kullum ne. Inna ba ta taɓa iya faɗin sunan ba. In an tambaye ta sai ta ce, "Wanga dai mai suna kamar kayan gyaran mota."

Magani ya rage muryoyin amma bai kore su ba, ya kuma kawo barci da ci, har Yaya ya ajiye tumbi. Fuskarsa ta daina motsi. Ko labarin dariya aka ba shi, sai ya dubi mutum kamar mai zaman makoki ya ce, "Abin dariya ne ƙwarai."

Gaisuwa ta fi komai ba shi wuya. Gaisuwarmu doguwa ce, kafin a kai ga "ina gajiya" muryoyin sun sa baki, sai ya rasa wanda zai amsa wa. Wata rana liman ya ce masa, "Ina mutan gida?" Yaya ya ce, "Rufe mini baki!" Nan take ya dafa ƙirji. "Ba da kai nike ba, Malam, da na bayan kunne nike." Liman bai riƙe shi ba, amma kunya ta sa Yaya ya daina wuce zaure.

Ana saura kwanaki suna, maigidana ya kira ni a salula. Direban kamyo ne, babbar motar kaya, kuma ya maƙale da lodi a hanyar Najeriya. Ya ce Yaya ya sayo ragon suna, tunda ba wanda ya fi shi ido.

Inna ta ce, "Mutumin da bai iya amsa ina kwana ba, shi za a tura kasuwa?"

Ashe Yaya yana bakin ƙofa. Ya ce, "Zan tahi."

Da yamma Inna ta ce sai an gwada. Ta jawo turmi tsakar gida, ta ɗaura masa igiya, ta ce shi ne ragon, ita ce mai shi. Ina zaune a ɗaki da jaririya ina leƙe. Ta kumbura murya ta ce, "Taya, Alhaji!" Yaya ya zagaya turmin, ya shafa gefensa, ya leƙa bakinsa, ya miƙe da fuskar nan tasa ya ce, "Inna, wanga rago ba ya da haƙori ko ɗaya, kuma cikinsa wofi ne." Na yi dariya har cikina ya murɗa, ungozoma ta leƙo tana faɗa wai mai jego ba ta irin wannan. Inna kuwa ta shige madafa ta daɗe. Da ta fito idonta ja, ta ce hayaƙi ne, alhali ba a hura wuta ba.

Ranar kasuwa ya yi wanka ba a ce masa ba. Ya sa babbar riga, ya cusa auduga a kunne, ya naɗa rawani a kai. Audugar ba ta hana komai, shi ma ya sani, amma ya ce tana sa su ji kamar ba a maraba da su. Baffa ya raka shi, kuma daga bakin Baffa na ji abin da ya faru.

Yaya ya wuce garke bayan garke bai gaida kowa ba, ya tsaya gaban wani farin rago na wani Buzu. Buzun ya faɗi kuɗinsa. Daidai lokacin muryoyin suka taso wa Yaya, suna cewa kowa a kasuwar dariya yake masa. Yaya ya ce da ƙarfi, "Ƙarya ne!" Buzun ya ɗan rage. Yaya ya girgiza kai ya ce, "Kullum haka kake, ba ka da kunya." Buzun ya dubi Baffa, ya ce shi yau ya fara ganin mutumin nan, amma ya sake ragewa. Yaya ya ɗaga yatsa sama ya ce, "In ba ka yi shiru ba zan sha na rana tun yanzu." Magani yake nufi. Buzun bai san abin da za a sha ba, ya miƙo igiya ya ce ya sallama, a biya shi ya tafi.

Baffa ya ja Buzun gefe ya yi masa bayani, don kada a ci haƙƙinsa. Buzun ya yi dariya har takunkumin rawaninsa ya zame, ya ce ciniki ya faɗa, kuma a kawo masa Yaya duk ranar da zai sayi raƙumi.

Suka shigo gida Yaya na jiƙe da zufa. Bai ɗaure ragon a turke ba, ya wuce da shi ɗakinsa ya sa labule. Muka ce gajiya ce. Washegari ragon na ciki. Jibi ma haka, ya cinye rabin tabarma da igiyar wando. Ragon nan kuwa bakinsa ba ya rufuwa, kuka yake kamar an biya shi.

Jajibirin suna maigidana ya iso a kan kabu-kabu, ya ce a nuna masa rago. Yaya ya fito ya tsaya a bakin ƙofa ya buɗe hannuwa.

"Ba za a yanka shi ba."

"Don mi, Yaya?" in ji maigidana.

"In yana kuka ba ni jin su. Ya fi su murya."

Ragon ya leƙo ta ƙarƙashin hammatarsa yana tauna wani abu da daga baya muka gane hular Baffa ce. Maigidana ya sosa ƙeya ya ce to, ɗiya dai ba a raɗa mata suna da turmi. Yaya ya ce ya san wata tsohuwa a bayan tasha mai kiwo, shi zai zaɓo wani. Ya sake naɗa rawaninsa suka fita tare.

Wanda suka kawo ƙarami ne, dangin miji sun yi ta taɓe baki suna cewa ko ɗan akuya ne aka sa wa ƙaho. Taron sunan ya fi ƙarfin Yaya, sai ya kwashe tabarmarsa da ragonsa ya koma bayan rumbu. Baffa ya bi tsofaffin abokansa na fada ya ce su je, amma ɗai-ɗai, kuma gaisuwa kada ta wuce "sannu". Haka suka yi ta zuwa, ƙarti da furfura, kowa ya ce "sannu" ya haɗiye sauran da kyar. Wani ya kasa, ya juya ya ƙarasa gaisuwar da ragon, har da ina gajiya. Suka kawo buta suka dafa shayi a nan, Yaya ya sha kofi biyu.

Bai warke ba. Da damina ya bar magani a ɓoye, sai da aka sake komawa Maradi. Amma yanzu yakan je kasuwa in ya tashi da sauƙi, ya yi rabin wuni ya dawo ya kwanta. Ragon ya zauna da shi har ɗiyata ta fara tafiya tana jan jelarsa. Da Layya ta matso, sai muka ga Yaya ya fito da shi da igiya ya nufi kasuwa. Inna ta bi shi zaure ta ce lahiya, ba abokinka ba ne?

Yaya ya ce, "Ya fara goyon bayan na cikin kunne."