Talotalon da Wendell Bai Yanka Ba

A duk faɗin nahiyar nan, daga ƙanƙarar Kanada har zuwa bakin tafkin Chapala inda muke zaune, ba a taɓa haihuwar mutumin da ya kai Wendell Prokop iya yanyanka gasasshen talotalo ba. Maganar tabbatacciya ce, domin daga bakin Wendell ɗin muka ji ta, kuma ya sha maimaita mana. A cikinmu, mu tsofaffin Amurka da muka dawo Meziko cin fansho, babu wanda ya taɓa ganinsa yana yankawa. Matarsa, wadda ta gani, ta rasu kafin ya iso.

Takalma ya sayar duk rayuwarsa, a wani gari a Nebraska, a shagon da ba nasa ba. Tun yana saurayi har furfura ta cika masa kai yana durƙushe gaban ƙafafun mutane, yana latsa musu babban yatsa yana tambaya ko ya matse. Rana ɗaya ce a shekara yake miƙewa: ranar Bikin Godiya na Amurkawa, wanda kullum Alhamis ake yin sa, lokacin da za a ajiye gasasshen talotalo a gabansa, iyali su yi shiru, ya zaro wuƙar mahaifinsa mai ƙotar ƙahon barewa. Sauran kwanakin shekara jiran wannan ranar yake yi.

Ya zo ƙauyenmu da wuƙar, da akwatin kaya, da imanin cewa kowane ɗan Adam yana jin Turanci idan aka ɗaga masa murya sosai. A shekarun farko matan ƙungiyarmu ta Amurkawa mazauna ƙauyen sun riƙa gayyatarsa cin abincin bikin, saboda tausayin gwauro. Yakan zauna ya zuba wa mai gida ido. A gidan Mavis Ohlund, shugabar ƙungiyar, mijinta Lyle yana tsakiyar kokawa da cinyar talotalo sai Wendell ya tambaye shi ko a miƙo masa gatari. A wani gidan ya ce tsuntsun ya mutu sau biyu, kuma na biyun ya fi muni. Sannu a hankali gayyata ta ƙare. Shekarun baya-bayan nan kifi yake ci a bakin tafki ranar bikin, shi kaɗai, yana gaya wa mai kawo abincin abin da ba ya fahimta.

Sai hannunsa ya fara rawa. Da farko shayi ne ke zuba, daga baya kofin ma ya fara faɗuwa. Mavis, wadda ba ta iya ganin wahalar mutum ta yi shiru, ta buga wa ɗansa Curtis waya har Omaha, ta ce ba ta son shiga abin da bai shafe ta ba, sannan ta shiga. Curtis ya aiko cewa zai zo ya ci bikin tare da mahaifinsa. Kowa a ƙauyen ya san abin da zai zo dubawa: ko tsohon zai iya ci gaba da zama shi kaɗai a gidansa, ko a kwashe shi a kai shi gidan tsofaffi. Wendell ma ya sani.

Ya yanke shawara a kansa. Zai tsaya a gaban yaron, ya yanyanka talotalo cikakke tun daga ƙirji har ƙashi, sannan a ga wanda zai kira shi mai rawar hannu. Ya fara gwaji da kabeji, da kankana, da burodi. Ni maƙwabcinsa ne, na kuma gani da idona: da zarar ƙotar wuƙar ta zauna a tafinsa, rawar takan tsaya cak. Kabejin da ya yanka kana iya hango rana ta cikinsa. Duk layinmu mun ci kabeji a watan nan har ya ishe mu.

Saura tsuntsun. A wancan zamanin shago ɗaya ne ke kawo daskararren talotalo, fari, mai faɗin ƙirji, irin na gida, kuma matan ƙungiya sun raba su tun motar ba ta iso ba. Mavis ta ɗauki biyu. Wendell ya saka kwat ya je ƙofarta, abin da bai taɓa yi ba.

Ta ce, “Wendell, da na ba ka, amma ɗayan na ajiya ne, ko da Lyle ya lalata na farkon. Kai ma ka san hannunsa.”

Ya hau bas zuwa birnin Guadalajara, ya yini a kasuwa yana yi wa mutane ihun sunan talotalo da ya haddace a yarensu, ya dawo da kumburarrun ƙafafu, babu hula. Doña Eufemia, matar da ke masa shara da wanki, ita ce ta gaji da kallonsa. Ta kama hannun rigarsa ta ja shi har bayan gidanta, ta nuna masa wani baƙin tsuntsu mai jan wuya yana taƙama a cikin kaji. Wendell ya yanyanka talotalo fiye da yadda zai iya tunawa, amma bai taɓa tsayawa kusa da mai kai ba. Ya ce wannan ungulu ce. Na tuna masa cewa asalin talotalo daga ƙasar nan ya fito. Ya ce ya gani, shi ya sa na kirkin suka gudu.

Duk da haka ya karɓa, don babu wani. Murhun gidansa bai fi ya ɗauki kaza ba, saboda haka Eufemia ce za ta kai shi tanderun gidan burodi. Ya yi mata bayani dalla-dalla da Turanci mai ƙarfi. Don kada ta yi kuskure, ya nuna tsuntsun, ya yi alamar yanka da gefen hannunsa sau da yawa, sannan ya buga ƙirjinsa: shi ne zai yanka, shi kaɗai. Eufemia ta gyaɗa kai. Ta fahimta sarai: a yanyanka masa. Ta kuma fahimci cewa ɗa tilo zai zo daga nesa, kuma a garinsu abu ɗaya ake yi wa talotalo idan baƙo mai daraja zai zo. Ta kira ƙannenta mata suka kwana biyu suna niƙa.

Curtis ya iso ranar Laraba, mutum mai tumbi da yawan duba agogo. Ya tarar da gida a share, uban ya yi aski, babu kofi ko ɗaya a hannunsa. Ranar bikin da rana, muna tsaye a baranda ni da shi, ya ce mini gaskiya hankalinsa ya kwanta. Mavis ta cika zuzuta abu. Tsohon yana nan yadda ya san shi, ga rana, ga mai yi masa aiki, kuma gidan tsofaffi ba wurin da mutum zai so kai ubansa ba ne. Zai bar shi. Ya ce bayan an ci abinci zai gaya masa, don kada tsohon ya fara jawabi.

Mavis da Lyle sun zo. Sun ɗage nasu cin zuwa yamma, suka ce ba za su bari wannan ya wuce su ba. Wendell ya zaunar da kowa, ya ajiye babban farantin a gabansa, ya tsaya a bakin tebur cikin farar riga yana wasa wuƙa. Ya gaya wa Curtis ya matso da kujerarsa, ya kuma bar duba agogon nan.

Eufemia ta shigo da tukunyar ƙasa, wata ƙanwarta riƙe da ɗayan kunnen. Sun saka kayansu na coci. Ta buɗe murfin. Miyar garinsu ce da ake kira mole, baƙa wuluk, ta sha barkono da riɗi da gyaɗa da cakulan, ƙamshinta ya cika ɗakin. Talotalon yana ciki, gunduwa-gunduwa, ya dahu har naman yana barin ƙashi.

Lyle ya daɗe yana jiran ranarsa. Ya ce, “Wendell, in miƙo maka ludayi, ko da wuƙar za ka sha?”

Da Wendell ya yi dariya, ko ya yi zagi ya zauna, da a nan zai ƙare kwanakinsa yana damunmu. Amma ya shirya yanka, kuma bai shirya komai ba bayan shi. Ya ajiye wuƙar, ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannu cikin tukunyar. Ya zaro cinya ya ajiye a gefen farantin. Ya lalubo ɗayar. Ya samo ƙashin ƙirji ya kafa a tsakiya, ya fara jera tsoka a kansa, yana manna su da yatsa, suna zamewa yana mayarwa. Eufemia ta matso tana cewa wani abu a hankali, tana nuna shinkafar da za a zuba miyar a kai. Bai ko kalle ta ba, ya ce ta fita masa daga gida, jaka kawai. Wannan kalmar ta Turanci ta sani, don ta sha jin ta. Ta fita, ƙanwarta na biye.

Curtis ya ce, “Baba, bar shi haka. Mu ci kawai.”

“Zauna, yaro. Fiffike ɗaya ya rage.”

“Baba, miya ce.”

“Na ce ka zauna ka kalli hannuna.”

Curtis ya kalla. Mu ma mun kalla. Tsoho ne da baƙar miya har gwiwar hannu, gaban rigarsa ya ɓaci, yana gina tsuntsu daga cikin tukunya yana magana da shi ƙasa-ƙasa. Da ya gama ya ɗauki wuƙar ya ɗora a kan abin da ya kira ƙirji. Zan iya shaida ko a gaban alƙali cewa hannun bai yi rawa ko kaɗan ba. Wuƙar ta sauka a miƙe, tulin ya rushe, cinya ɗaya ta zame ta faɗa a cinyar Mavis.

Mavis ta goge siket ɗinta, ta dafa kafaɗar Curtis, ta ce masa kada ya zargi kansa, ai irin wannan ciwon wata rana da sauƙi, wata rana sai haƙuri. Curtis ya tambayi inda ake buga waya zuwa Amurka, Lyle ya tashi da sauri ya raka shi. Wendell ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Mu da muka rage muka dubi tukunyar, muka ga bai kamata a yi asararta ba. Ban taɓa cin abu mai daɗinta ba. Mavis ta ƙara, sannan ta ɗibi saura a kwano ta tafi da shi, wai don kada ya lalace.

Kafin Kirsimeti aka kwashe shi. Bai yi gardama ba, sai tambaya ɗaya da ya riƙa yi wa Curtis a hanyar filin jirgi, ko ya lura da yadda wuƙar ta sauka. Curtis ya ce ya lura. Eufemia ta samu aiki a gidan Mavis, inda yanzu ake yin mole duk shekara, ana kuma gaya wa sababbin zuwa cewa Mavis ce ta gano shi.

Wendell ya yi shekaru a gidan tsofaffin kafin ya rasu. Curtis ya ce wurin yana da kyau, kuma ba sa wasa da abinci. Kowace Alhamis talotalo ake ba su, niƙaƙƙe, da cokalin roba.