Jan Layin da Na Ja Wa Sarkin Baka

Ranar Talata ce, ƙarfe bakwai saura kwata na safe, shekara guda bayan zaɓen farko na jam'iyyu da yawa. Muna zaune mu biyu a bakin magudanar ruwan fadamar Jiratawa, ni da ƙanena Habu. Ranar rabon ruwanmu ce. Habu ya buɗe ƙofar ruwa da dogon ƙarfen da ake murɗa ta da shi, muka zauna muna shan koko. Alkama ta fara nuna. Na san sa'ar domin a makarantar mishan ta Tsibiri an koya mana cewa wanda bai duba agogo ba, bai ga abu ba. Shekara talatin na koyar a lakwal, wato makarantar boko, bisa wannan ƙa'ida.

Dole in koma baya wata biyu. Umarni ya zo daga hukuma cewa duk mai bindiga ya miƙa ta, saboda makamai sun yawaita a ƙasa. Aka yi taro a tungarmu, aka yi ta gardama daga hantsi har azahar. Ni na tsaya a kan cewa bindiga ta hukuma ce, kuma ƙasar da ta zaɓi shugabanninta da ƙuri'a ba ta bukatar albarushi a kowane ɗaki. Nomau, sarkin bakanmu, wato shugaban mafarauta, ya tsaya a kan nasa.

"Mushe," in ji shi, don haka ake kiran malamin lakwal a wurinmu, "ɓarawo ma zai kawo tashi ka rubuta?"

Aka yi dariya. Ban yi ba. Da yake ni ne mai Faransanci, ni na rubuta takardar sunayen waɗanda suka miƙa. Bindigogin toka takwas aka kawo, irin waɗanda ake durawa ta baki, a harba sau ɗaya, a sake dura. Kowa ya san Nomau yana da biyu. Ɗaya ya ajiye. Ya soma wani bayani, na ɗaga masa hannu, na ce takarda ba ta cin labari. Na ja jan layi ƙarƙashin sunansa.

Ƙarfe bakwai da minti goma muka ji harbi ɗaya daga wajen hanyar mota.

Wanda ba mutumin fadama ba ne zai yi mamakin abin da ya biyo baya. Babu wanda ya gudu. Shekara da shekaru, idan alkama ta nuna, a daidai wannan sa'a sarkin baka yake yin harbi ɗaya don ya tayar da tsuntsayen jan-baki daga gonaki. Mata masu yankan zogale kusa da mu suka yi shewa. Wata ta ce, "Sarkin Baka ya tono tsohuwarsa!" Ni kuwa raina ya ɓaci. Na ɗauka ya fito da bindigar da ya ɓoye, ya raina takardata a gaban jama'a.

Na ce wa Habu ya taso ya zama shaida.

"Yaya, ruwa na tafiya. Ka bar tsohon nan da tsuntsayensa."

Na maimaita. Ƙane ba ya musa wa wansa sau biyu. Ya saɓa ƙarfen a kafaɗa don kada a ɗauke, ya biyo ni.

Bakwai da sha takwas muka hau ƙaramar gadar siminti. Harbi ya sake tashi, wannan karo a jere, kamar ana yaga sabon yadi. Bindigar toka ba ta magana sau biyu a numfashi ɗaya. Na gane, amma mun riga mun fito fili. Kamyon wani ɗan kasuwar Maraɗi, babbar motar kaya, yana tsaye a gicciye. Direba kwance a ƙasa, ba ya motsi. Mutum shida na ƙirga, fuskoki naɗe da rawani.

"Ku kwanta!"

"Ga mai bindiga! Ga mai bindiga can!"

Habu ya waiwaya yana neman mai bindigar. Bai san ƙarfen kafaɗarsa ake nufi ba. Harbi uku. Na ji ƙarar ƙarfen a kan siminti kafin in ji faɗuwar ƙanena.

Na mirgina cikin magudana. Na yi rarrafe, ruwa na taɓa mini haɓa. Agogona ya tsaya a bakwai da ashirin da ɗaya. Duk sa'ar da zan faɗa daga nan ta rana ce, ba ta agogo ba, kuma ban so haka ba.

Na fito bayan tunga. Mutum na farko da na gani Nomau ne, sanda ce kawai a hannunsa, yana tara mata da yara.

"Ku bar kaya! Ku bi gulbi!"

Ƴan fashin suka shigo neman shanun huɗa. Muna jin suna harbin ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, shanu na kuka. Muka gangara cikin busasshen gulbi, rairayi yana haɗiye ƙafa. Hayaƙi ya tashi daga wajen rumbuna. Zuwaira, matar Habu, ta tambaye ni ina mijinta. Na ce yana tafe. Ni da na doki yara a kan ƙarya, na faɗi wannan sau uku kafin hantsi.

Da rana ta ɗaga muka tsaya ƙarƙashin wani gawo don tsofaffi su huta. Na matsa kusa da Nomau. Har a lokacin, Allah Ya gafarta mini, da muryar tuhuma na yi magana.

"Ina ɗayar bindigar?"

Ya juyo gare ni.

"Bakinta ya fashe tun damina, Mushe. Maƙeri ya yanke ta ya yi bututun zuga-zugi. Shi na so in gaya maka, ka ɗaga mini hannu."

Ya ɗauki wata tsohuwa a baya, muka ci gaba.

Mun shiga Maraɗi ana kiran azahar. Na kai rahoto. Aka sa mata da yara a mota zuwa Tsibiri, gidan yayarmu. A bakin motar na gaya wa Zuwaira gaskiya. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ce, "Yaya, ai na sani tun a gulbi," ta juya mini baya.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo daga baya. Mutanen jam'iyyu suka ɗauki maganar zuwa majalisun gari. Wasu suka ce da an bar wa talaka bindigarsa da ba a yi haka ba. Wasu suka ce ga dalilin da ya sa dole a ƙwace kowace bindiga. Kowane ɓangare ya aiko a ce in zo in tsaya a bayansa. A wani taro na ji mai jawabi yana kiran ƙanena Haruna. Babu wanda ya tambayi sa'a, ko adadin mutanen, ko abin da ke kafaɗar mamacin. Na sha auna abin ni kaɗai. Bindigogin toka takwas a gaban waɗancan shida, wataƙila da gawarwakin sun fi haka yawa. Wataƙila kuma da ƴan fashin ba su kusanci tungar ba sam. Ban sani ba, kuma masu ihun ba su fi ni sani ba. Abin da na sani shi ne wanda ya tayar da Habu daga bakin ruwansa.

Mun ɗauko shi daga kan gada da la'asar, aka rufe shi kafin magariba. Ƙofar ruwa ta wuni a buɗe, alkamar ta kwanta ta ruɓe. An kore shanu sha ɗaya, an ƙone rumbu huɗu. Direban ya mutu. Ba a kama kowa ba, ba a mayar da bindigogin ba. Kwafin takardar yana wurina. Na soke jan layin, na rubuta gyara a gefe, na sa hannu. Nomau ya rasu bai gani ba.