Gidan da Abdulbaƙi Ya Ce Ba Nasa Ba Ne

Malam Abdulbaƙi mutum ne mai tsoron takarda. Na ga ya kashe maciji da takalmi a bayan ofishinmu, amma in aka miƙo masa ambulan mai hatimin gwamnati sai zufa ta karyo masa. Shekara ashirin da shida yana tuƙa motar ma'aikata a Dutse, ni kuma ina teburin ajiye fayil, don haka na san halinsa ciki da waje.

Da jami'a ta cika gari da baƙi, ya sayar da shanunsa biyu, ya sayi fili don ya gina ɗakunan haya da za su riƙe shi bayan ritaya. Ana gab da rubuta takardar ciniki sai wani a teburin mai shayi ya ce masa duk ma'aikacin da aka gani da gidan haya, haraji zai bi shi har cikin fanshonsa. Bai tambayi lauya ba, bai leƙa ofishin haraji ya ji gaskiyar maganar ba. Mashin ya hau zuwa Kiyawa, ya ɗauko yayansa Gwadabe, manomi, aka sa sunansa a gaban mai unguwa, ya dangwala yatsa. Takardar ma can ya bar masa, wai kada a zo bincike a same ta a wurinsa.

Na ce, "Malam, ku rubuta wata a tsakaninku mana, ko a fallen littafin 'yan makaranta ne."

Ya ce, "Haba! Uwa ɗaya uba ɗaya? In kuma aka gano ta fa?"

Ɗaki huɗu ya gina, da guminsa, sannan ya mai da kansa ɗan aike a gidansa. Duk ɗan hayar da ya shigo, karatu ɗaya yake biya masa: "Ni wakili ne kawai, gidan Yaya Gwadabe ne." Har matarsa Zaituna ya hana ta faɗa wa maƙwabta. In ya hango mai riƙe da fayil a layin, sai ya sake hanya. Abin yana ba ni dariya, wani lokaci kuma haushi.

Bara da kaka Gwadabe ya rasu, ciwon kwana uku. Bayan sadakar arba'in babban ɗansa Kamilu ya buɗe akwati, ya ci karo da takardar. Kamilu ba mugu ba ne, amma magada tara ne, har da ƙananan marayu, kuma uban bai taɓa gaya wa kowa komai ba. Maganar ta je gaban alƙali, ya ce mai cewa gidan nasa ne ya kawo shaidu biyu.

Ni ne ɗaya. Mai unguwar ya rasu, an kuma ce shaidar mata ga mijinta ba ta wadatarwa. Tun ranar Abdulbaƙi ya rame. Ni ma tsoro ya kama ni, don ban san inda zai sa kansa ba in gidan ya tafi.

Jiya na raka shi wurin Malam Talha, malamin makaranta da ya shekara takwas yana haya a ɗakin farko na gidan. Abdulbaƙi ya roƙe shi ya zama shaida na biyu, kamar zai yi kuka.

Malam Talha ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, wallahi ina ganin wanda ke hawa rufi yana toshe yoyo duk damina. Amma in alƙali ya ce me na ji daga bakinka, me zan ce?"

Muka fito. A ƙofar gida wani mai neman ɗaki ya tare mu, ya yi sallama, ya ce, "Don Allah, Baba, gidan nan na wane ne?"

Kafin in buɗe baki, Abdulbaƙi ya riga ni: "Na Yaya Gwadabe ne, ni wakili ne kawai."

Sai da ya faɗa ya ji abin da ya faɗa. Ya dafa bango, ya zame ya zauna a ƙasa.